Hemi ko 440: wanne ya fi gudu a titi?

 Yawancinmu a fim ɗin Fast and Furious muka fara ganin baƙar Dodge Charger ɗin nan. Ni ma a nan na kamu da sonta. Amma da na bi tarihin irin waɗannan motoci, sai na tarar labarin ya wuce rugugin inji da hayaƙin taya.

A Amurka abin ya faro, a 1964, lokacin da Pontiac ya ɗauki ƙaton inji mai silinda 8, lita 6.4, ya ɗora wa matsakaiciyar mota, ya sa mata suna GTO. Fetur na araha, matasa na da 'yan kuɗi a aljihu, nan take sauran kamfanonin birnin Detroit suka shiga gasa.

To, mu ɗauki 1969. Mai sayen Charger R/T yana da zaɓin inji biyu: 440 Magnum mai ƙarfin doki 375, ko ya ƙara kuɗi ya ɗauki 426 Hemi mai doki 425. A filin tsere, Hemi kan cinye kwatan mil cikin daƙiƙa 13 da ɗoriya, 440 kuwa wajen 14. A takarda dai magana ta ƙare, ko ba haka ba?

Sai dai Hemi don tsere aka ƙera shi tun farko. Kafireta biyu gare shi, kuma dole su yi aiki daidai da juna. Bawul ɗinsa da hannu ake saitawa lokaci zuwa lokaci. In ka riƙa rarrafe da shi a cunkoson gari, fulogi ya yi baƙi, inji ya kama tari. Shi kuwa 440 kafireta ɗaya ce, bawul ɗinsa na saita kansa da matsin mai. Juye baƙin mai, canza fulogi, duba ruwan lagireto, mai mota da kansa zai yi a ƙofar gida. Shi ya sa a kan titi, 440 mai lafiya kan bar Hemin da saitinsa ya kwance a baya.

Zamanin bai daɗe ba. Dokar tsabtace iska ta 1970 da tsadar inshora suka matse kasuwa, aka daina sa Hemi a motocin titi bayan 1971, sannan takunkumin man fetur na 1973 ya ƙarasa sauran.

Ni abin da na ɗauka shi ne, kafin ka tambayi gudun mota, tambayi wa zai kula da ita, kuma nawa za ta ci. Ƙarfin dokin da ba ka iya riƙe saitinsa, na takarda ne kawai.

Mu kwana nan, sai shiri na gaba.