Henry Maudslay da Mutanen da Suka Koya wa Ƙarfe Bin Awo

A wajajen shekarar 1790, wani mai ƙera makullai a birnin Landan da ake kira Joseph Bramah ya ajiye kwaɗo a tagar shagonsa da ke titin Piccadilly, tare da rubutaccen alkawari: duk wanda ya buɗe shi ba da makullinsa ba, za a ba shi gini 200. Kuɗi ne masu kauri a lokacin. Gwanaye suka yi ta gwadawa suna komawa gida hannu rabbana.

Sai dai Bramah yana da tasa damuwar. Cikin kwaɗon cike yake da ƙananan sassa waɗanda dole kowanne ya zauna daram a gurbinsa, kuma yin su da guduma da magagari na cin lokaci da kuɗi. Wanda ya fitar da shi kunya shi ne wani saurayin maƙeri ɗan shekara 18 da ya ɗauka aiki, Henry Maudslay. An haife shi a 1771 a Woolwich, kuma tun yana ɗan shekara 12 yake ɗura albarushi a masana'antar makamai ta garin, kafin ya koma maƙera. Shi ya taimaka wa Bramah ƙera injinan da ke yanka sassan kwaɗon iri ɗaya.

Domin a gane nauyin wannan aiki, sai a waiwayi halin da ƙira take ciki kafin nan. James Watt ya sha wahala da injinsa mai aiki da tururi, don ya rasa maƙerin da zai yi masa silinda mai zagaye sosai. Fistan na hawa yana sauka, tururi na zurarewa ta gefe, har ya riƙa cusa takarda da tsumma yana toshe giɓin. John Wilkinson, mai ƙera igwa, shi ya warware matsalar a 1775 da injin rarake silinda wanda sandarsa ke da madogara a ƙarshenta biyu, don haka ba ta lanƙwasa. Matthew Boulton, abokin kasuwancin Watt, ya yi ta murna cewa kuskuren silinda mai faɗin inci 50 bai kai kaurin tsohon sule ba. Yau makanikin da ya ga giɓi irin wannan a injin mota zai ce injin ya mutu, amma a wancan zamani abin alfahari ne.

A 1797 Maudslay ya nemi ƙarin albashi a kan sule 30 da yake karɓa a mako. Bramah ya hana, shi kuwa ya kama gabansa ya buɗe shagonsa. A nan ya ƙera injin da sunansa ya bi duniya da shi: injin sassaƙa mai juya ƙarfe yana yanka masa zare. Ba shi ya fara tunanin kowane sashe na injin ba, wasu sun riga shi. Gwanintarsa ita ce haɗa su wuri guda cikin gangar jiki ta ƙarfe zalla wadda ba ta rawa. A da, hannun ma'aikaci ke riƙe da wuƙar yanka, hannu kuwa yana gajiya, yana karkarwa. Maudslay ya ɗaure wuƙar a kan mariƙi mai zamewa, doguwar sanda mai zare na tura shi, giyoyi kuma na daidaita saurin tafiyarsa da juyin ƙarfen. Kafin nan kowane noti da ƙusarsa ake yin su, kamar tukunya da murfinta. In suka cakuɗe da wasu, aiki ya dawo sabo.

Sojojin ruwan Ingila ne suka fara cin gajiyarsa sosai. Jiragen yaƙi masu filafilai na buƙatar na'urorin jan igiya na katako, babban jirgi ɗaya kan ci kusan dubu, rundunar kuma na sayen kimanin 100,000 a shekara. Wani Bafaranshe, Marc Brunel, ya zana injinan yin su, Maudslay ya ƙera, aka kafa su a Portsmouth. Injina 45 ne. Zuwa 1808 suna fitar da guda 130,000 a shekara, mutum goma suna yin aikin mutum 110. Tarihi ya fi son ambaton goman nan. Ɗarin da suka rasa abin yi ba a cika tuna su ba.

A ganina, abin da ya fi kowanne muhimmanci a shagon Maudslay ba ya ko motsi. Faranti ne na ƙarfe, shimfiɗaɗɗe sumul, wanda ake ɗora aiki a kai a ga ko ya miƙe. To, ta yaya za a yi abu shimfiɗaɗɗe alhali babu wani shimfiɗaɗɗen da za a gwada shi da shi? In ka goga faranti biyu da juna har suka haɗu, mai yiwuwa ɗaya ya yi kwari ɗaya ya yi tudu, kamar ƙwarya cikin ƙwarya, ka zaci ka gama. Dabarar ita ce a yi uku: na farko da na biyu, na biyu da na uku, na uku da na farko. Ba yadda za a yi duka ukun su dace da juna sai in kowannensu a shimfiɗe yake. Ana shafa launi a ɗaya, a kifa ɗayan, inda launin ya kama nan ne tudu, sai a kankare. Aikin haƙuri ne na kwana da kwanaki. Yana kuma da wata na'urar awo mai gane kashi ɗaya cikin 10,000 na inci, abin da silin gashi ya ninka shi fiye da sau ashirin. Ya laƙaba mata sunan babban alƙalin Ingila, domin duk gardamar da ta tashi a shagon kan girman wani abu, ita ke yanke hukunci, ba ɗaukaka ƙara.

Maudslay ya rasu a 1831, amma ya bar almajirai, cikinsu har da James Nasmyth da Joseph Whitworth. Whitworth ya buɗe tasa masana'anta a Manchester, ya tattara ƙusoshi daga shagunan ƙasar ya auna su, sannan a 1841 ya kawo shawarar zare iri ɗaya ga kowa, mai kusurwar digiri 55. Kamfanonin jirgin ƙasa suka karɓa. A Amurka William Sellers ya fito da nasa mai digiri 60 a 1864, wannan bambanci na digiri biyar ya ci gaba da wahalar da Ingila da Amurka har cikin Yaƙin Duniya na Biyu, sai a 1949 suka daidaita. Makanikin da ke shiga kasuwar kayan gyara a Kano ya ɗauko notin da aka yi a Sin ya ɗaura a motar Japan ya zauna, gadon wannan doguwar gardama yake ci.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Carl Edvard Johansson na ƙasar Suwidin ya fito da tubalan awo a 1896, masu santsin da in an goga biyu sai su manne, ya kuma auna su a zafin digiri 20, don ƙarfe na buɗewa da zafi. A 1952 masana a jami'ar MIT suka nuna injin da ke karɓar umarni daga takarda mai huji, kakan injinan da kwamfuta ke sarrafawa yau.

Abin da ya fi sauyawa shi ne kayan da ake yankawa, kowanne da halinsa. Alminiyam na da laushi amma yana liƙe wa bakin wuƙa. Titaniyam ba ya watsa zafi, sai ya tara shi a bakin wuƙar ya ƙona ta. Roba ta fi su rigima: zafi kaɗan ta narke, in aka matse ta a mariƙi ta lotsa, a yanka daidai, a sake ta ta koma wani girman, wata kamar nailan ma har danshin iska take sha ta kumbura. Sai kayan haɗi na zaren kabon da aka manne da ƙaro, waɗanda su ne kusan rabin nauyin gangar jirgin Boeing 787. Zaren na cinye wuƙa, shi ya sa ake sa mata lu'ulu'u a baki, kuma in aka danna abin huda da ƙarfi sai falle-fallen su rabu a bakin ramin. Wuƙaƙen ma sun sauya, daga ƙarfe mai jure gudu da Frederick Taylor da Maunsel White suka nuna a baje kolin Faris na 1900, zuwa tangistan kabaid da kamfanin Krupp na Jamus ya fara sayarwa a shekarun 1920. Duk da haka, in aka gama yanka, a kan shimfiɗaɗɗen faranti ake ɗora aikin a auna, sai dai yanzu galibi na dutse ne.

Shi kuwa kwaɗon Piccadilly, sai a 1851 wani Ba'amurke, Alfred Charles Hobbs, ya buɗe shi bayan ya shafe awa 51 cikin kwana 16, aka biya shi kuɗinsa. Bramah da Maudslay duk sun riga sun kwanta dama. Kwaɗon yana gidan tarihin kimiyya na Landan.