Lokacin Gwajin Homon a Jini ga Masu Jinkirin Haihuwa

Homon sinadarai ne da jiki ke zubawa cikin jini, su ke tafiyar da al'adar mace, nunar ƙwai da samuwar maniyyi. A jikin mace ba sa zama wuri guda, hawa suke suna sauka da kwanakin wata, shi ya sa lambar da ɗakin gwaji ya rubuta ba ta faɗin komai sai an san ranar da aka ɗebi jinin. Ana shiga wannan bincike idan ma'aurata sun shekara suna saduwa, babu tsarin iyali, ciki kuma bai shiga ba. Wannan ne ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a 2023 ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na gamuwa da hakan a rayuwarsa. Wadda ta haura shekara 35 ba a bari ta jira fiye da wata 6.

Lissafin duka ya dogara ne kan rana ta ɗaya, wato ranar da jini ya zuba sosai. A nan ake yawan tuntuɓe. A mazhabar Malikiyya ko ɗigo ɗaya haila ce wajen ajiye salla, amma likita ba ya ƙirga ɗige-ɗigen da ke riga zubar jini. Mace na iya kawo lissafin ibadarta, daidai yake a wurinsa, amma ya riga na asibiti da kwana ɗaya ko biyu.

Tsakanin rana ta 2 da ta 5, galibi ta 3, ake auna FSH, LH da istiradayol. Biyun farko daga wani ƙulli ƙarƙashin ƙwaƙwalwa suke fitowa. Idan ƙwayayen mace sun fara ƙaranci, ƙullin yana ƙara FSH, kamar mai ɗaga murya ga wanda ba ya ji sosai. Abin da ya haura 10 IU/L kan sa likita ya ƙara dubawa. Ana haɗa gwajin FSH da na istiradayol domin idan istiradayol ya hau da wuri yakan danne FSH, sakamako ya fito tamkar lafiya lau.

Gwajin firojestaron shi ya fi shan kuskure, kuma sunan da aka laƙaba masa, gwajin rana ta 21, yana da hannu a ciki. Wannan homon ba ya hawa sai ƙwai ya fita, kuma yana kai ƙololuwa kimanin kwana 7 bayan haka, wato kwana 7 kafin al'ada ta gaba. Rana ta 21 ta dace da wadda al'adarta ke zagayowa duk kwana 28 kaɗai. Mai kwana 35 sai rana ta 28. In aka ɗebi nata a ta 21, daidai lokacin da ƙwan ke fita, za a ce ba ta yin ƙwai alhali tana yi, har a ɗora ta kan maganin da ba ta buƙata. Wadda al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci ana maimaita mata mako-mako har jini ya zo. Likitocin Amurka na ɗaukar abin da ya haura 3 ng/mL shaidar fitar ƙwai, a Birtaniya kuwa an saba da 30 nmol/L. Ma'aunan biyu ba ɗaya ba ne, sai a duba wanne ke kan takarda.

AMH, mai nuna ƙwan da ya rage, ana auna shi kowace rana, sai dai ƙwayoyin tsarin iyali kan rage shi. TSH, da ake duba aikin ƙullin maƙogwaro da shi, ma ba ruwansa da wata. Firolaktin, homon ruwan nono, yakan tashi saboda shayarwa, fargaba ko wasu magunguna, don haka in ya ɗan haura sai a sake. Wadda al'ada ta ɗauke mata gaba ɗaya, gwajin ciki ake fara yi mata, sauran kuma su biyo a kowace rana.

Namiji ba shi da lissafin wata, nasa na awa ne. Testostaron ya fi yawa da safe, saboda haka ake ɗibar jini kafin ƙarfe 10 ko 11, kafin karin kumallo, kuma in ya fito ƙasa sai a maimaita wata safiya. Gwajin maniyyi ne ke gaba da wannan, bayan ƙauracewa saduwa na kwana 2 zuwa 7.