Shin za a iya mayar da atamfa ko keken ɗinkin da aka saya a Kaduna?

A ƙasan yawancin rasiɗan da masu shagunan yadi da kekunan ɗinki ke bayarwa a Kaduna, akwai wani ɗan rubutu da Turanci, wanda ke cewa kayan da aka sayar lafiya ƙalau ba a karɓarsu idan an dawo da su. Masu saye ba su cika lura da shi ba sai ranar da atamfa ta zuba a wankin farko, ko keke ya fara tsinka zare.

Wannan taƙaddama ta fi yawa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, wato babbar kasuwar birnin, da shagunan da ke kan titin Ahmadu Bello, musamman gab da Sallah da kuma lokacin haɗa lefe.

Me dokar ƙasa ta ce?

Shekaru da dama ana tafiya ne a kan tsarin da Najeriya ta gada daga dokar saye da sayarwa ta Ingila ta 1893, wadda a zahiri ta ɗora wa mai saye nauyin buɗe idonsa kafin ya biya. An kafa majalisar kare haƙƙin masu saye da dokar soja a 1992, amma ƙarfinta bai kai cikin kasuwanni ba.

Al'amarin ya sauya da dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, kuma ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ce duk kayan da aka sayar, ana ɗaukar cewa mai sayarwa ya lamunci ingancinsu ko da bai faɗa ba. Idan suka gaza, mai saye na da watanni 3 daga ranar da ya karɓa ya mayar da su, ba tare da an ci shi tara ba, mai shago kuma ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Hukumar ta sha bayyana cewa rubuta "ba a mayarwa" a jikin rasiɗi ko bango ba ya soke wannan haƙƙi.

Sai dai dokar ba ta tilasta wa ɗan kasuwa karɓar kaya lafiyayyu don kawai mai saye ya sake shawara ba. Matar da ta je gida ta ga launin leshi bai dace da ɗankwalinta ba, alfarma za ta nema.

Matsalar almakashi

A harkar yadi, almakashi ne ke raba gardama. Turmin atamfa mai yadi 6 da ba a warware ba, takardarsa na manne, yawancin 'yan kasuwa kan yarda su canza shi cikin kwana ɗaya ko biyu, kodayake mayar da tsabar kuɗi abu ne da ba su so ko kaɗan. Amma shadda ko yadin da aka yanka daga bandir a kan awon mutum, da wuya ya koma, domin ba lalle wani ya buƙaci wannan tsawon ba.

Abin da ke dagula lamarin shi ne, manyan aibobin tufafi ba sa fitowa a shago. Zuba da koɗewa da tsukewa sai an jiƙa ake ganinsu, kuma kafin nan tela ya riga ya yanka ya ɗinka. Mai shago zai ce sabulu ne ko rana, mai saye ya ce kaya ne marasa kyau. Na lefe ya fi ciwo, tunda akan sayi kayan watanni kafin biki a rufe a akwati, sai bayan an kai gidan amarya a gano cewa abin da aka biya da sunan Super Holland kwaikwayo ne, alhali wa'adin ya wuce, ga kuma kunya a gaban surukai.

Shi ma ɗan kasuwar yana da nasa uzurin. A da masaƙun Kakuri, a kudancin kogi, su ne ke cika shagunan birnin, kuma dillali na iya komawa masaƙa da kayan da suka lalace. Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007. Tun daga lokacin akasarin kayan daga China suke zuwa, su bi ta Kantin Kwari a Kano ko ta Legas. Mai ƙaramin shago a Kaduna ba shi da wanda zai mayar wa, don haka duk turmin da ya karɓa asararsa ce.

Kekunan ɗinki

Nan hukuncin ya fi sauƙi, domin ana iya gwada keke nan take. Al'adar kasuwa ita ce a haɗa shi a gaban mai saye, a sa ƙyalle a ɗinka. Sababbin kekunan ƙafa irin su Butterfly da Singer, da na lantarki irin su Juki da Brother, wasunsu kan zo da takardar garanti, amma sau da yawa abin da mai shago ke bayarwa shi ne alkawarin baki cewa makanikinsa zai duba. Na hannu kuwa, waɗanda aka yi amfani da su a ƙasashen waje, galibi da zarar sun bar shago magana ta ƙare. Ga telan da ya ci bashi ya sayi keke saboda ɗinkin Sallah, mako guda a wurin gyara ya isa ya raba shi da abokan ciniki.

A shari'ar Musulunci

Da yawa daga cikin 'yan kasuwar arewacin Kaduna sun fi jin maganar malamai fiye da ta hukuma. Fiƙihun Malikiyya ya bai wa mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya sami tsohon aibin da aka ɓoye masa, kuma ya haramta wa mai sayarwa rufe aibin da ya sani. Ya kuma halatta a yi ciniki da sharaɗin zaɓi na ɗan lokaci, wanda a tufafi bai wuce 'yan kwanaki ba. Karɓar kaya daga wanda ya yi nadama kuwa, wato iƙala, abin so ne, ba tilas ba.

Ina ake kai ƙara?

Yawancin rigingimun ba sa wuce ofishin ƙungiyar 'yan kasuwa, inda shugabanni kan sasanta, sau da yawa ta hanyar musanya kaya ko raba asara. Wanda bai gamsu ba yana iya rubuta wa FCCPC, ko ya je kotun majistare, ko kotun shari'a idan ɓangarorin biyu Musulmi ne. A duk waɗannan wurare abin da za a fara tambaya shi ne rasiɗi mai ɗauke da kwanan wata da sunan kaya, a keke kuma har da lambar da ke jikinsa.