Tsibirin Bonaire: Tarihin Kiyaye Mai Nutso da Kiyaye Murjani

Murjanin da iyayenmu mata suke ado da shi ba dutse ba ne tun asali. Wasu ƙananan halittun teku ne suke gina shi sannu a hankali, irinsa kuma iri-iri ne. A ruwan ƙasashe masu zafi akwai wanda yakan taru ya zama ganuwa, kifaye su mai da ita gida. Irin wannan ganuwa ce ta kewaye Bonaire, wani tsibiri na ƙasar Holan a Tekun Karibiyan, kimanin kilomita 80 daga gaɓar Benezuwela.

A da, arzikin tsibirin gishiri ne, bayi 'yan asalin Afirka kuwa su ne suke haƙarsa, har aka hana bauta a 1863. Shekara tamanin bayan haka, watau a 1943, Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa a Faransa, nutso ya zama abin shaƙatawa. Amma haɗarinsa bai gushe ba. Kowace mita 10 da mutum ya nutsa, danniyar ruwa takan ƙaru gwargwadon ta iskar da ke bisa doron ƙasa, iskar naitirojin ta riƙa narkewa cikin jininsa. Idan ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa, ta jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ajali. Paul Bert ya bayyana wannan a 1878, sa'an nan a 1908 J. S. Haldane ya tsara jadawalin tasowa mataki-mataki.

Da baƙi masu nutso suka fara yawa, musamman bayan zuwan Don Stewart, Ba'amurke, a 1962, sai ɓarna ta bayyana. Anka tana farfasa murjani, masu mashi suna ƙarar da manyan kifaye. Hukuma ta hana kamun kifi da mashi a 1971, ta hana ɗibar murjani a 1975, ta kuma kafa gandun teku a 1979, daga bakin gaɓa zuwa zurfin mita 60. Aka kakkafa wuraren ɗaure jiragen ruwa domin a daina jefa anka.

A nan ne darasin ma'aikaci yake. Kuɗin taimakon da aka kafa gandun da shi ya ƙare wajen 1984, doka ta rage a takarda, ba mai tsaro. Sai a 1991 aka farfaɗo da shi, a 1992 kuma aka ɗora wa kowane mai nutso dala 10 a shekara, kuɗin yana shiga aikin gandun kai tsaye. Aka kuma wajabta wa baƙo ya saurari bayani, ya yi nutson gwaji tukuna. Hikimar ita ce, wanda ya iya daidaita nauyinsa a ruwa ba zai taso a guje ya halaka ba, ba kuma zai faɗa kan murjani ya karya shi ba.

Duk da haka ba a gama ba. A 2023 wata cuta mai cinye naman murjani ta iso tsibirin, ɗumamar teku kuma ba ta san iyakar gandu ba. Abin da tarihin Bonaire ya tabbatar shi ne, doka ba ta tsare dukiyar ƙasa sai an tanadar mata kuɗi da masu tsaro.