Faifan Kubelik: Kiɗan Dvorak a hannun ɗan gudun hijira

Daga cikin faya-fayan kiɗan gargajiyar Turai da har yau ake komawa gare su, akwai waɗanda madugun makaɗa Rafael Kubelik ya naɗa wa kamfanin Deutsche Grammophon a farkon shekarun 1970. Sun ƙunshi ayyuka biyu na Antonin Dvorak, ɗan ƙasar Czech da ya rayu daga 1841 zuwa 1904.

Na farko shi ne simfoni na tara, wato dogon kiɗa mai kashi huɗu, wanda aka yi wa laƙabi da "Daga Sabuwar Duniya". Dvorak ya tsara shi a Amurka, inda ya je a 1892 domin shugabantar wata makarantar kiɗa a birnin New York. A can ɗalibinsa baƙar fata, Harry Burleigh, ya riƙa rera masa waƙoƙin ibada na bayin da aka kai Amurka. An fara kaɗa shi a zauren Carnegie ranar 16 ga Disamba, 1893. A kashi na biyu, wani abin busa mai kama da algaita ke jan zaren kiɗan a hankali, kuma masu sauraro da dama na jin begen gida a cikinsa.

Na biyu kuwa Raye-rayen Slav ne, guda 16, waɗanda ya tsara a 1878 da 1886. Da farko na fiyano ne mai makaɗa biyu, daga baya ya faɗaɗa su ga cikakkiyar ƙungiya. Su ne suka fito da sunansa a Turai.

Kubelik ya naɗi simfonin da ƙungiyar makaɗan Berlin, raye-rayen kuma da ƙungiyar gidan rediyon Bavaria, wadda ya jagoranta daga 1961 zuwa 1979.

Tarihin madugun kansa ya ƙara wa faifan nauyi. Ya bar ƙasarsa a 1948 bayan da 'yan gurguzu suka ƙwace mulki, ya kuma ƙi komawa muddin suna kan karaga. Ke nan kiɗan da wani ɗan Czech ya tsara a baƙon wuri, wani ɗan Czech ne ya kaɗa shi yana gudun hijira. Sai a 1990, bayan shekara 42, Kubelik ya sake tsayawa gaban makaɗa a birnin Prague.