Juya Rigar Ka Ga Cikinta: Tarihin Fataucin Tsofaffin Kaya Daga Bakin Ɗan Kurmi

Ranar da aka fara kai ni rumfar kawuna a Kasuwar Kurmi, ina ɗan shekara goma sha huɗu, bai koya mini lissafi ba, bai ba ni ajiyar ko sisi ba. Wata tsohuwar rigar saƙi ya jefo mini, mai warin adaka da shuni, ya ce, "Juya ta, ɗana. Wajen riga na mai sawa ne, cikinta na mai saye." Na juya. Ya ɗora yatsana a kan haɗin sawaye, ya sa na bi zaren. Inda hannu ya yi ɗinki, allura takan ɗan kauce; inda keke ya bi, layi yakan miƙe sak. Darasin farko ke nan, kuma har yau da shi nake cin abinci.

Sana'ar tamu tana da uwa, wato fatauci. Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci. Da matafiyin nan Bature Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da tufafin garin suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Sai dai kakanninmu sabon kaya suke sayarwa: turkuɗin Kura mai ƙyalli da Buzaye ke so, jar fatar akuyar Sakkwato da Turawa suka laƙaba wa sunan Maroko, da riguna masu aikin tsamiya ko alharini, jan silikin da ake ketowa da shi ta Sahara. A lokacin, riga in ta tsufa sai a ba bara ko almajiri. Ba wanda ya taɓa zaton tsufa zai zama abin ƙarin kuɗi.

Barandar Bature ce ta sauya lissafin. A zamanin mulkin mallaka 'yan koli sukan ɗaure kaya a bayan keke, su bi gidajen Turawa a Nasarawa da Bompai da yamma, su baje a ƙasa. Kawu ya ce abin da ya fara ɗaure musu kai shi ne, sai uwargida ta tsallake sabon akushi mai sheƙi ta ɗauki wanda ya tsage aka ɗaure da waya. Ɗan koli ba ya musu da mai saye. Daga nan aka fara shiga ƙauyuka ana tambayar abin da aka jingine a bayan rumbu. Da 'yan sa-kai na Amurka suka fara zuwa a 1961, ga kuma jiragen Turai masu yada zango a filin jirgin Kano, sai masu saye suka ninku.

Ni a zamanin duwatsu na buɗe ido. Daga ƙarshen shekarun 1960 samarin Amurka da Turai suka haukace da tsofaffin duwatsun wuya, musamman masu zanen furanni da aka ƙera a Murano ta Italiya, da waɗansu daga ƙasar Cek. Turawa ne suka shigo da su Afirka tun da can, suna musayarsu da manja da zinariya. Mu kuma muka tattara muka mayar musu da ninkin kuɗi. Mukan bi Kumasi, mu sauka a zango wajen maigida, mu ci kasuwar duwatsu ta Koforidua ranar Alhamis, mu wuce Abijan, inda Hausawa suka yi kaka-gida a Treichville da kasuwar Plateau. A hanya muke zare su a igiyar rafiya. Har yau in ka ga tsohon dutse a kan rafiya a wani kanti a Paris, da wuya a ce hannun ɗan'uwanmu bai taɓa shi ba.

Abijan ce ta koya mana cinikin sassaƙa. Gumaka ne, amma mu "itace" muke ce musu, kuma malamai da alhazai sun yi arziki da su ba tare da sun kwana ɗaki ɗaya da su ba. Masu bincike ma sun biyo sawunmu: an yi fim a kan Gabai Baare, wani Bahaushe ɗan Nijar mai kai itace Amurka, sannan Christopher Steiner ya fitar da littafi a kan 'yan kasuwar Abijan a 1994.

Ba zan ɓoye ba, inda kuɗi ya yi yawa, dabara takan biyo baya. Da tsohon kaya ya fara ƙaranci, sai aka koyi tsufar da sabo: a rataye shi a madafi hayaƙi ya turara shi, a shafe shi da taunannen goro, a binne shi kusa da gidan gara na 'yan makonni. Ni kaina an taɓa yi mini. Wani dillali a wani gari ya kai ni har ɗakin wata tsohuwa, aka zaro luru daga ƙarƙashin gado, na biya ina murna. Da na kawo, Kawu ya shinshina kawai ya ce, "Wannan shayi ya sha, ba shekaru ba." Da dillalin da tsohuwar duk bakinsu ɗaya.

Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne riguna. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, shadda ta mamaye gari, keken aiki ya maye gurbin allura. Rigar da masaƙi da marini da mabugi da maɗinki suka shafe watanni a kanta, sai ta zama kayan tsofaffi. In attajiri ko basarake ya rasu, magada kan rasa yadda za a raba rigunan saƙi da na tsamiya, sai a kira dillaliya ta kawo mana su a ƙunshe. Aska biyu, aska takwas, girke, malum-malum, duk sun bi ta hannuna. Mun saye su arha, mun sayar da tsada a ganinmu, waɗanda suka saya kuma suka sayar da abin da ba mu taɓa mafarki ba. A 1976 David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shirya baje kolin fasahar Hausa a Landan, Turawa suna tsayawa gaban irin rigar da mu muke shimfiɗa wa yara. Dokar 1979 ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi, ta kuma hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, amma kafin nan adakoki da yawa sun riga sun zama fanko.

Daga nan ƙafa ta fara ɗaukewa. An karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, yaƙi ya raba Kodebuwa a 2002, harin da aka kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012 kuma ya kori sauran baƙin da ke zuwa garin kallon hawan Sallah da marinar Ƙofar Mata. Masu ƙarfi suka koma kai kaya da kansu, suna hayar ɗakunan ajiya a New York, suna zuwa baje kolin Tucson duk farkon shekara. Mu da muka rage, ciniki ya koma waya: a ɗauki hoto, a tura ta WhatsApp, a taya, a ce albarka, a sallama, ba tare da mai saye ya taɓa kayan ba. Wanda bai taɓa ba kuwa, yaya zai juya ya ga ciki?

Baƙin da ke shigo mini yanzu 'yan gida ne. Tun da mai zanen tufafin nan Alphadi ya shirya bikin nuna tufafi na FIMA cikin hamada kusa da Agadas a 1998, matasan maɗinka suka gane cewa da tsohuwar zuma ake magani. Suna zuwa neman zanen tambari da dagi don su ɗora a sabon ɗinki, sau da yawa da hoton wata riga da ke gidan tarihi a Ingila a wayarsu. Nakan kalli hoton in yi shiru, don na san irin hanyar da ta bi ta isa can.

Kwanan baya wata yarinya mai shagon ɗinki ta ga rigar nan ta saƙi da Kawu ya jefo mini, wadda ban taɓa sa wa kuɗi ba. Ta ce, "Baba, nawa za ka bar mini?" Na ce, "'Yata, wannan ba ta sayarwa ba ce. Amma ga tabarma, zauna." Ta ciro waya za ta ɗauki hoton aikin ƙirjin. Na ce ta ajiye tukuna, ta juya rigar, ta ba ni yatsanta.