Yadda Aikin Hannu Ya Shiga Aji, da Yadda Ya Sulale

Tun kafin a san ƙararrawar makaranta a wannan yanki, yaro yana koyon ƙira da fasaha, sai dai ba a aji ba. Masarautar Kazaure da Ɗan Tunku ya kafa a farkon ƙarni na 19, wadda a yau ta haɗa Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, da maƙwabciyarta Babura ta masarautar Ringim, ƙasar noma ce da kiwo, manomi kuwa ba ya rabuwa da maƙeri. Garma da fartanya da lauje da magirbi duk daga maƙera suke fitowa. Ɗan maƙeri yakan fara da zuga tun hannunsa bai iya ɗaga masaba ba. Yana zuga yana kallon ƙarfe a cikin gawayi, har idonsa ya san jan da ake ciro shi da wanda ake ƙara masa wuta. Daga nan a ba shi awartaki ya riƙe, a kwana a tashi a miƙa masa guntun ƙarfe a ce ya fitar da 'yar wuƙa. In ta lanƙwashe ba a yi masa dogon bayani, a ce ya mayar wuta.

Haka abin yake a gidan dukawa da majema da masaƙa da magina tukwane. Yarinya tana zaune kusa da kakarta ta koyi murza mazari da saƙar faifai. Ko a makarantar allo almajiri shi ke fiƙe alƙalaminsa, ya haɗa tawadarsa da ƙaro. Akwai kuma makarantar da ba ta da malami, wato ta yara zalla bayan girbi: a ɓare ɓawon karan dawa, a yanka farin cikinsa gunduwa-gunduwa, a soka, a haɗa mota har da tayoyi. In ta karkata gefe guda a cire taya a rage ta, a sake gwadawa. Duk abin da masana ilmi ke nufi da darasin ƙira yana cikin wannan wasa: a hango abu a zuci, a zaɓi kayan yi, a ƙera, a gwada, a gyara.

Wannan tsari yana da iyakarsa, kuma ba daidai ba ne a ɓoye ta. Sana'a gado ce. Ɗan baduku ba ya zuwa maƙera, 'ya mace ba ta kusantar uwar maƙera, wasu sana'o'in ma ana yi musu kallon ƙasƙanci. Ba a zana abu a takarda kafin a yi shi, ba a rubuta awo, saboda haka dabarar da gwani ya gano takan bi shi kabari in bai sami magaji ba.

Ɗaya daga cikin ƙoƙarin farko na shigar da sana'a cikin makarantar boko a Arewa an yi shi ne a Kano, kuma Kazaure tana cikin Lardin Kano a lokacin. A 1909 Hanns Vischer, Baturen nan haifaffen Suwizalan da Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantunsa a Nasarawa. Akwai ta horon malamai, akwai ta 'ya'yan sarakuna, akwai ta elemantare, sannan akwai ta sana'a, inda ake koyar da irin su kafinta da ƙira da dukanci da saƙa. Da Hausa ake koyarwa. Abin da ya fi burge ni a tsarin nasa shi ne bai ɗauki gwanayen gari a matsayin jahilai ba, ya yarda cewa suna da abin koyarwa. Gidan da ya zauna yana nan har yau a Kano, Gidan Ɗan Hausa, kuma ginin kansa shaida ne ga gwanintar maginan ƙasa.

Yaƙin Duniya na Farko ya ɗauke Vischer daga Kano, amma tunaninsa bai mutu ba. Bayan rahoton 1922 na kwamitin Phelps-Stokes kan ilmi a Afirka, gwamnatin Ingila ta fitar da takardar manufar ilmi ta 1925 ga ƙasashen Afirka da take mulka, wadda ta ce a daidaita karatu da rayuwa da sana'o'in mutane. Vischer shi ne sakataren kwamitin da ya tsara ta. A nan ne kuma aka shuka zargin da ya daɗe yana bin aikin hannu. 'Yan Afirka da yawa sun fahimci manufar a matsayin dabarar tsare baƙar fata a gona da bencin kafinta, a hana shi ilmin da zai kai shi kujerar mulki. Zargin yana da tushe. Uba yana gani da idonsa cewa wanda ya iya rubutu da lissafi shi ke zama malamin haraji ko akawun En'e, a ba shi albashi da girma. Wanda ya sa ɗansa a boko, bayan duk tsoron da ake yi mata a wancan zamani, ba don ya dawo da igiyar rama ya sa shi ba.

Da aka haɗe ma'aikatun ilmin Kudu da Arewa a 1929 ƙarƙashin E. R. J. Hussey, makarantun sana'a suka narke cikin sababbin makarantun midil. A elemantare abin da ya rage shi ne darasin aikin hannu da gonar makaranta. Dattawan da suka yi firamare kafin samun 'yanci da shekarun bayansa suna tuna shi sarai: tufkar igiya, saƙar tabarma da mafici da kaba, ginin shanu da tukwane da yumɓu, ɗinki ga 'yan mata. Malamin da ya fito daga kwalejin horon malamai shi ma an sa shi ya yi waɗannan da hannunsa, don haka ya san yadda ake jiƙa kaba kafin a saƙa.

Taron manhajar karatu na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 ya soki ilmin da aka gada daga Turawa da cewa na takarda ne zalla. Daga shi aka sami Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta sa koyon amfani da hannu cikin manufofin firamare, ta kuma kawo tsarin 6-3-3-4, wato adadin shekarun firamare da ƙaramar sakandare da babbar sakandare da jami'a. A wannan shekarar ce Jihar Kano, wadda Kazaure da Babura ke cikinta tun 1967, ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Niyya ta yi kyau ta ko'ina. Amma shekara guda kafin nan, a Satumban 1976, an ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka kwararo fiye da yadda aka tanada, aka ɗauki malamai da gajeren horo, aji ya cika maƙil. Malami mai yara fiye da ƙima ba zai iya zagayawa ya duba tufkar kowa ba. Sannu a hankali darasin ya koma "gobe kowa ya kawo tsintsiya". Yaro ya karɓi kuɗi wurin uwa ya sayo a kasuwa, a ba shi maki. Daga baya a wurare da yawa tsintsiyar ma ta ɓace, kuɗin kawai ake karɓa. A ganina babu abin da ya yi wa darasin illa kamar wannan, domin ya koya wa yaro cewa abin hannu saye ake yi, makin ma haka.

A ƙaramar sakandare labarin wani iri ne. Da aka fara aiki da 6-3-3-4 a 1982, gwamnatin tarayya ta sayo injunan koyar da fasaha daga ƙasashen gabashin Turai irin su Bulgeriya da Hangari da Cekoslobakiya. Da yawansu sun tsufa a cikin akwatunan da aka kawo su, saboda babu lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kansu. Ga maƙeri da kafinta a bakin kasuwar garin, babu wanda ya gayyace su.

Ƙasashen da suka ci riba ba da inji suka fara ba. Finlan ta sa aikin hannu cikin dokar makarantun jama'a tun 1866 bisa ƙoƙarin Uno Cygnaeus, a Suwidin kuma Otto Salomon ya shafe shekaru yana horar da malaman aji a Nääs kan sassaƙa da wuƙa da katako. Malami suka fara ginawa. Ingila ta wajabta darasin ƙira da fasaha ga yara daga shekara 5 a 1990, bayan dokar ilmi ta 1988, kuma a ƙananan azuzuwa yawanci kwali ne da almakashi da zare da itace. Jigon darasin shi ne a ba yaro matsala, ya zana mafita, ya ƙera, ya faɗi inda ta gaza.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, wannan kusurwa ta arewa maso yamma ta zama cibiyar ilmin fasaha ta jihar. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Kazaure, wadda ke ɗauke da sunan marigayi Sarki Hussaini Adamu, ta fara a matsayin ta jiha, daga baya tarayya ta karɓe ta. A mulkin Gwamna Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyar da ilmin kwamfuta a Kazaure. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha a Babura. Ƙananan yankuna kaɗan ne a Arewa ke da irin wannan rabo. Sai dai jinka ce aka ɗora, ginin da ke ƙasa kuwa bai yi ƙwari ba. Ɗalibin da zai shiga sashen injiniya yana iya zuwa bai taɓa auna katako ya yanka a makaranta ba.

A takarda an ci gaba da gyara. An ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004. Manhajar shekara tara ta fara aiki a 2008, da aka sake duba ta kuma aka fara amfani da sabuwar a 2014, sai aka cusa kimiyya da fasaha da kwamfuta da motsa jiki cikin darasi guda, zane da saƙa suka koma darasin al'adu da ƙirƙira. Saboda jarrabawa a rubuce take, abin da ya fi sauƙi shi ne malami ya zana guduma a allo, yara su kwafa su haddace sunanta.

A 2025 ma'aikatar ilmi ta tarayya ta sake sanar da sabuwar manhaja, inda ɗalibin ƙaramar sakandare zai zaɓi sana'a guda daga cikin irin su haɗa lantarkin hasken rana, ɗinki, kiwo, da gyaran waya da kwamfuta. Zaɓin ya dace da abin da matasan Kazaure da Babura ke ci da shi a yau. Amma yaron da zai riƙe sukundireba a aji ɗaya na sakandare yana bukatar shekara shida na firamare da hannunsa ya saba da awo da yanka da haɗawa. Kayan wannan ba sai an yi odarsu daga waje ba: kara da kaba da yumɓu da gwangwani da waya suna nan a Gwiwa da Roni. Abin da ke bukatar shawarar hukuma shi ne awa guda a mako da ba za a cinye ta da kwafar rubutu ba, da horon da zai sa ɗalibin kwalejin ilmi irin ta Gumel ya ƙera abu da hannunsa kafin a ba shi aji, da ɗan alawus da hedimasta zai iya gayyato maƙeri ko mai saƙar faifai su zauna da 'yan aji huɗu.